Sarkin da Ya Ɗauki Laka

A zamanin da ganuwa ce ran kowane birni, an yi wani gari ana ce masa Marmaro. Mutanensa suna da al'adar da suka gada tun kafuwar garin: idan damina ta ɗauke aka tashi gyaran ganuwa, Sarki ne yake fara ɗaukar laka. Sai ya tuɓe rawani, ya ɗaura warki, ya aza gammo, a ɗora masa kwando. Sarakunan da suka gabata kwando ɗaya suke kaiwa, a buga tambari, su koma fada a wanke musu ƙafa. Sarki Arzika ɗan Tunau bai tsaya a ɗaya ba. Yini yake yi a bakin kududdufi, ya sha fura a ƙwarya ɗaya da magina, abin da bai gane ba ya tambaya. Har ta kai idan uwa za ta yi wa ɗanta faɗa a kan ɗaga kai, sai ta ce, "Je ka bakin ganuwa ka ga yadda ake tawali'u."

Amma akwai wata ganuwa da ba a ambatonta a gabansa. Shekara goma sha biyu kafin nan, Sarki Barmo na Dutsen Shirwa ya ci Marmaro da yaƙi, ya kama Sarki Tunau da mazaje ɗari uku, ya sa su gina masa ganuwar gabas. Tunau ya yi wata biyar yana ɗaukar laka, ran nan ya faɗi da kwando a ka, bai tashi ba. Barmo ya hana gawar. Ya ce a sa ta cikin ginin, a ci gaba da aza tubali. Tun daga ranar Marmaro take bin Dutsen Shirwa, ƙasusuwan Tunau kuwa suna cikin bangon maƙiyinsa, ba sallah, ba kabari.

Wata rana da hantsi, kaka ta shigo, sai ga jakadan Barmo, wani dogo ana ce masa Maigizo. Ya shigo fada da takalmansa, ya tsaya a inda ake durƙusawa.

Ya ce, "Sarkin Dutsen Shirwa, mai gabas da yamma, yana gaida bawansa na Marmaro. Ya ce labari ya iske shi kai sarki ne mai tawali'u, ba ka ƙyamar laka. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ganuwar gabas ta zaizaye bana. Ka zo da mutum ɗari uku kamar yadda ubanka ya zo, ka kuma taho da kwandonka. Ya ce ka ma samu ka gaisa da tsohon, yana nan inda aka ajiye shi."

Aka ji ƙarar takobi a kube, domin Kaura Nabara, shugaban mayaƙan Marmaro, ya riga ya zare shi rabi. Sarki ya dube shi kawai, ya mayar.

Sarki ya ce, "An ji. A kai baƙo masauki, a ba dokinsa dawa."

Da azahar aka rufe zauren ciki. Mutum uku ne a gaban Sarki: Kaura, da Galadima Gagare wanda ya tsufa a kan sarauta, da Liman Isiyaku.

Kaura bai jira izini ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yau da safe aka ɗauko takobin marigayi za a shafa masa mai. Ka san abin da aka tarar? Zanzaro ya yi gini a ƙotarsa. Ƙwaro ma ya gane takobinmu ya zama bango! Ka ba ni kan wannan dogon in aika wa Barmo a cikin kwandon da yake nema, sannan a buga tambarin yaƙi. In mutuwa ce, mu mutu a kan sirdi."

Galadima ya gyara zama ya ce, "Kaura, dokinka nawa?"

"Ɗari huɗu."

"Na Barmo fa?"

Kaura ya kau da kai.

Galadima ya ce, "Dubu biyu, ga ganuwa tsayin mutum biyar. Ni na ga ranar da aka ci garin nan, kai lokacin kana riƙe wa ubanka garkuwa. Zaki, Allah ya ja zamaninka, shawarata ba daɗi, amma ita ce. Ka je. Laka dai ce, kullum kana ɗauka a nan. A yi shela a gari a ce Sarki ya tafi don tawali'u, don ya tsare jinin talakawansa. Ba wanda zai ga laifinka."

Liman Isiyaku, wanda tun ɗazu yake jan carbi, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Galadima, a yi duk shelar da za a yi, amma a bar kalmar nan a wajenta. Kada mu ɓata ta, jikokinmu suna bukatarta. Tawali'u na wanda yake da ikon ɗaga kai ne, ya sauke shi da kansa, ba don tsoro ba, ba kuma don a gani ba. Attajirin da ya riga talaka sallama, shi ne mai tawali'u. Malamin da ya ce wa ɗalibinsa ban sani ba, gaya mini. Babban da ya zauna inda ya samu wuri. Lakar da Sarki yake ɗauka a nan, ba wanda ya isa ya sa shi, shi ya sa mata suke misali da shi. Wadda zai ɗauka a Dutsen Shirwa da bulala a bayansa sunanta daban. Ƙasƙanci ne. Kwandon ɗaya ne, nauyin ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne."

Kaura ya ce, "Madalla, Malam. Ashe kana tare da ni."

"Ban ce ba. Kai ma abin da kake kira zuciya rabinsa girman kai ne."

Sarki ya saurare su duka. Can ya ce wa dogarin da ke bakin ƙofa, "A kira mini Sarkin Magina."

Galadima ya ɗaure fuska. Ya ce, "Zaki, a zauren ciki? Tunda aka kafa garin nan magini bai taɓa taka shimfiɗar nan ba sai in rufi ya yi yoyo."

"Dukanku kun yi mini maganar ganuwar Dutsen Shirwa. Cikinku wa ya taɓa ta da hannu?"



Sarkin Magina Dambo ya shigo, tsoho gajere, ƙafafunsa fari fat da busasshiyar laka. Yana cikin mutum ɗari ukun da aka kama tare da Tunau, yana kuma cikin 'yan kaɗan da suka dawo. Ya zube tun daga bakin ƙofa. Sarki ya matsa, ya nuna masa gefen buzunsa.

Ya ce, "Baba Dambo, manya sun faɗi nasu. Ni ban san ganuwar nan ba, kai ka gina ta. Me ka gani?"

Tsohon ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu ina jiran wannan tambaya. Marigayi ya sa na dafa kansa na rantse. Ya ce, 'Dambo, in Allah ya mai da kai gida, kada ka gaya wa kowa. Ko ɗana kada ka gaya masa, sai ran da ya kira ka a gaban manyansa ya tambaye ka. In bai tambaya ba, ka tafi da ita kabari, domin sarkin da ba ya tambayar magini ba zai iya aikin ba.'"

Sarki ya ce, "Ga shi na tambaya."

"Ganuwar kirki, Zaki, ka sani, ana zuba ciyawa a laka a tattake, a bar ta ta kwana uku, a yi tubali ya bushe, a cika gini tun daga fuska har baya. Ta gabas ba haka muka yi ta ba. Fatar waje muka gina da ta ciki, kowacce kaurin kamu ɗaya. Tsakiya rairayi ne da toka, tsawon taki sittin. Muka shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, tana ƙyalli, ta fi ko'ina kyau a garin."

Kaura ya ce, "Masu tsaronku fa, makafi ne?"

"Daga inuwar rimi suke kallonmu, ranka ya daɗe, kada laka ta taɓa musu riga."

Galadima ya ce, "To me ya hana ta faɗi duk damunan nan?"

"Marigayi da hannunsa ya yi mata magudana, ruwa ba ya kwana a gindinta. Ya ce ta jira. In aka toshe magudanar, aka haƙa ramin kwaɓa a jikinta, aka jawo ruwan rafi ya kwanta, ba ta wuce kwana tara." Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ka sani, Zaki, a tsakiyar taki sittin ɗin nan yake. Ni na kwantar da shi. In ta faɗi, a kansa za ta faɗi."

Sarki ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Ta fi shekara goma tana kansa. Galadima, ka gaya wa jakada na amsa kira, ka tsare mini gari. Kaura, ka ɗauki dawakinka ɗari huɗu ka bi ta daji, ka kwanta a kurmin da ke gabas da Dutsen Shirwa. Kada ka motsa sai ka ga baƙin hayaƙi."

Liman ya ce, "Zaki, yaƙi ne, ban hana ba. Amma in za ka sunkuya da wuƙa a zuci, kada a kira shi tawali'u."

"Ba ni zan kira shi ba, Malam. Barmo ne zai kira."

Kwana uku suka yi a hanya, kowa da dagi da kwando, jakuna kuma ɗauke da dammunan ciyawar gini. Masu tsaron ƙofar Dutsen Shirwa suka bincike mutane ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya kwance dami ko ɗaya. Takubba ɗari uku suka wuce a cikin ciyawa.

Ranar farko Barmo ya hau benen ƙofar gabas, aka riƙe masa laima, fadawa suka kewaye shi. Ƙato ne, rigarsa fara sol. Ya leƙo ya ga Arzika da warki, kwando a ka, laka tana tsiyayo masa a wuya.

Ya ce, "Wannan ne Sarkin Marmaro? Wallahi tafiyarsu ɗaya da uban! Kai ɗan Tunau, an ce kai mai tawali'u ne. Gaskiya ne?"

Arzika ya durƙusa da kwandon a kansa ya ce, "Haka mutane suke faɗa, ranka ya daɗe."

"To ka yi da kyau. In ka gaji ka jingina da bangon, na san ba zai ture ka ba."

Fadawa suka fashe da dariya, maroƙa suka ɗauka suna maimaitawa. Mutanen Marmaro suka sunkuyar da kai. Wani saurayi cikinsu ya nufi damin ciyawa, Dambo ya taka masa ƙafa ya ce, "Kai, zubo ruwa."

Aka haƙa ramin kwaɓa a gindin ganuwa. Aka jawo ruwa daga rafi, domin ba a kwaɓa laka da ƙasa busasshiya, ba kuwa wanda ya ga abin tuhuma a ciki. Lakar da ta zube ta toshe magudana, ba a buɗe ba. Kullum suna yaɓe sama, ruwa yana cin ƙasa. Arzika yana hawa tsani yana sauka, wuyansa ya kumbura, gammo ya cinye masa gashi. Yaran gari suna jifansa da ɓawon rake. Duk sanda ya zo tsakiyar taki sittin ɗin nan sai ya rage tafiya, ya wuce bai duba ba.

Akwai mutum ɗaya a Dutsen Shirwa da ya gane, shi ne sarkin maginan garin. A rana ta huɗu ya zo wucewa, ya ga inda ruwa ya kwanta, ya ɗora hannu a ka, ya ruga fada. Dogarai suka dubi ƙafafunsa suka ce ba a shiga gaban Barmo da laka. Ya je ya wanke ya dawo, aka ce irinsa ba ya magana da Sarki baki da baki, ya gaya wa Shamaki. Ya gaya wa Shamaki, Shamaki ya gaya wa Waziri. Da maganar ta isa kunnen Barmo, abin da ya rage a cikinta shi ne, maginan gari suna ƙorafi an ba baƙi aikinsu. Barmo ya ce a yi wa sarkin maginan bulala goma don hassada.

A rana ta tara da hantsi Dambo ya je gindin ganuwa, ya danna babban yatsansa. Yatsan ya nutse har gindi. Ya dubi Sarki, ya kaɗa kai.

Arzika ya sauke kwando. Ya tafi inda bai taɓa tsayawa ba, ya dafa bangon da tafin hannu, ya ce a hankali, "Baba, gafara. Zan buɗe maka ƙofa."

Aka kwance dammuna, kowa ya ɗauki takobi. Aka cinna wa ɗanyar ciyawa wuta, baƙin hayaƙi ya tashi. Igiyoyin da suka ɗaura a kan ganuwa don jan kwanduna, mutum ɗari uku suka kama suka ja da baya. Jan farko ba abin da ya motsa. Masu tsaro suka taso daga inuwar rimi suna tambayar ko lafiya. A ja na uku ganuwar ta yi wani irin nishi, cikinta ya fashe, rairayi ya kwararo kamar an yanka buhu, taki sittin suka zauna gaba ɗaya.

Ƙura ba ta lafa ba aka ji tambari daga kurmi. Kaura Nabara ne a gaba, takobin Tunau a hannunsa, gidan zanzaro yana nan a ƙota bai kankare ba. Dawakin Barmo dubu biyu suna barga ba sirdi. Mayaƙansa suka fito daga gidaje, wani da mashi ba garkuwa, wani da sulke a hannu bai sa ba. 'Yan baka suka hau abin da ya rage na ganuwa, amma kibansu waje suke kallo, abokan gaba kuwa sun riga sun shige. An yi sara a kasuwa, an yi a ƙofar fada. Maigizo jakada ya faɗi a bakin rijiya, da takalmansa a ƙafa. Kafin la'asar an ci gari.

Arzika bai shiga fada ba. Ya koma wajen giɓin, shi da Dambo suna tone da hannu. Suka tarar da tabarmar da tsohon ya naɗe shi a ciki, ta ruɓe, sai ƙasusuwa da munduwar azurfa a damtse. Sarki ya tuɓe 'yar rigar da aka yafa masa, ya shimfiɗa a kwandonsa, ya tsince su ɗaya ɗaya.

Yana cikin haka aka kawo Barmo. An kama shi a ƙofar yamma yana neman doki. Da ya ga abin da ke cikin kwandon sai ya zube. Ya ɗebi ƙasa da hannu biyu yana zubawa a kansa, yana cewa, "Zaki, tuba nake! Bawanka ne, ɗan bawanka!"

Kaura ya yi dariya, ya juya wajen Liman Isiyaku, wanda ya biyo rundunar don ya yi wa Tunau sallah. Ya ce, "Malam, zo ka ga tawali'u. Dubi yadda yake wanka da ƙasa."

Liman ya ce, "Tsoro ne, Kaura. Ɗauke takobinka daga wuyansa ka ga ko zai ƙara."

Barmo ya rarrafo ya ce, "Ka ɗora mini kwandon, Zaki. Ni zan kai shi har Marmaro a ƙafa, kowa ya gani."

Arzika ya dube shi. Ya ce, "Kwana tara ina durƙusa maka, ba kuwa sau ɗaya da ban hango ka a ƙasa kamar haka ba. Malam ya faɗi gaskiya, abin da na yi maka ba tawali'u ba ne, ban kuma yi da-na-sani ba. Amma kan da bai taɓa sunkuyawa don kansa ba, ba zai ɗauki ubana ba."

Kaura ya ce, "To a sare shi?"

"A'a. A ba shi warki da kwando. Mun ɓata masa ganuwa, ya kamata ta gyaru. Ya rufe giɓin nan shi kaɗai, a cika gini fuska da baya. Kada kowa ya ɗauko masa ruwa, kada kowa ya dake shi. Ran da ya gama, ya hau gadonsa, na rantse zan mayar masa."

Barmo ya juya ya dubi giɓin, daga wannan gefe zuwa wancan. Mutum ɗari uku ne suka yi wata biyar a kansa. Sarkin maginan garin yana tsaye cikin taro, shatin bulala a bayansa.

Dambo ya aza wa Sarki gammo, ya taya shi ɗora kwandon. Sannan ya matso kusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan fa ko kwaɓa laka bai iya ba."

Arzika ya gyara zaman kwandon a kansa, ya fuskanci hanyar Marmaro.

Ya ce, "Ga magininsa nan a tsaye. In yana son ya iya, ya tambaye shi."